Fatsuma Bakwai, Kujera Ɗaya

A shekarar da aka tura Misbahu zuwa Zariya ya koyo sarrafa bayanai irin na manajojin jiragen sama, babu filin jirgi ko ɗaya a faɗin Jigawa. Abin da ke tashi a saman duwatsun Dutse bai wuce shirwa da ungulu ba, su kuwa ba su taɓa neman manaja ba. Amma jihar sabuwa ce, shekararta shida da yankewa daga Kano, kuma duk abin da Kano ke da shi dole a ce mu ma muna da shi, ko da a takarda ne. Saboda haka aka buɗe Sashen Sufurin Sama a wani ɗaki can bayan ma'aikata, aka sa tebur biyu da fanka, aka ɗora Misbahu a kai.

Wata uku ya yi a kwas ɗin. Ya dawo da satifiket mai zanen jirgi, da jakar hannu, da wata irin tafiya ta mutumin da ake jira a wani wuri. An koya masa yadda ake shigar da bayanan fasinja a kwamfuta, da yadda ake jagorantar taro, da yadda ake yi wa fasinjan da ya fusata murmushi a ce masa, "Muna ba da haƙuri bisa wannan tsaiko." Amma darasin da ya fi shiga ransa shi ne na maimaici: mutum ɗaya, layi ɗaya. Duk inda ka ga suna ɗaya ya fito sau biyu da ranar haihuwa ɗaya da gari ɗaya, to ko kuskure ne ko sata, ka share ka bar guda. A gidansa na Yalwawa har baƙin da suka zo yi masa sannu da zuwa sai da suka sha wannan karatu kafin a kawo musu ruwa.

Bayan dawowarsa da mako biyu aka kawo kwamfutar. Ita aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, abin da ba a taɓa yi wa ɗan Adam ba a wannan ma'aikata. Aka ɗinka mata riga ta leshi saboda ƙura. Duk baƙon da ya zo wajen Darakta sai an kawo shi ya gaishe ta, a ɗaga leshin, ya ce "Ikon Allah," a mayar.

To, da yake babu jirgin da za a sarrafa, sai aka nemo wa sashen aiki. Maniyyatan jihar ta Kano suke tashi, don haka aka ce Misbahu ya karɓi rabon su a jirage, wane a sahun farko, wane a na ƙarshe. Wannan aiki a da na Malam Mailafiya ne, tsohon akawun da ke zaune a tebur na biyu. Tun jihar tana cikin Kano yake yin sa da wani ƙaton littafi mai baƙin bango. A gefen kowane suna yana da abin da yake ƙarawa da jan biro: "mai ɗingishi," "ƙanwar Sarkin Fawa," "Fillanci kawai take ji." Misbahu ya buɗe littafin sau ɗaya, ya yi dariya, ya ce wannan ai tatsuniya ce, ba bayanai ba.

A cikin maniyyatan bana akwai mahaifiyarsa, Iyatu, da ke zaune a wata ruga kusa da Kafin Hausa. Idonta na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa a hankali. Likita a Kano ya ce ba irin yanar da ake kankarewa ba ce, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ita kuwa burinta ɗaya a duniya, ta ga Ɗakin Allah da idonta kafin ya rufe. Ƙaninsa Tasi'u, wanda ke tare da ita yana kula da shanu, shi ya yi ta zirga-zirgar cike mata takardu.

Misbahu ɗan fari ne, kuma Iyatu Bafulatana ce ta gidi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Tun yaye kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Ko yana zaune a gabanta, ta bakin Tasi'u take masa magana. Ranar da ya je gaishe ta da jakarsa ta kwas, ta juya wajen ƙanin ta ce, "Ka tambayi wancan na Dutse, sunana ya shiga abin nasu?"

"Ka ce mata ta kwantar da hankalinta," in ji Misbahu. "Injin ba ya mantuwa."

Da ya koma ofis ya ɗaga leshi, ya rubuta "Iyatu." Injin ya ce babu. Bai damu ba, ya san da sunanta na yanka aka rubuta ta. Sai da ya ɗora yatsu zai buga sannan ya gane bai san sunan ba. Shekara talatin da takwas yana duniya, kowa Iyatu yake cewa, shi kuma wa zai tsaya ya tambaya? Ya ji kunyar ya aika wa ƙaninsa cewa manajan bayanai na jiha guda yana cigiyar sunan uwarsa. Ya gaya wa kansa cewa ƙwararren ma'aikaci ba ya leƙa fayil ɗin danginsa, ya mayar da leshi.

Ranar wata Talata da hantsi, janareto na ta ruri, Misbahu ya sa injin ya jera sunaye bi da bi. Sai ga abin da ya yi wata uku yana jira. Fatsuma Idirisu, Kafin Hausa, ɗaya ga Janairu, 1935. A ƙarƙashinta Fatsuma Idirisu, Kafin Hausa, ɗaya ga Janairu, 1935. Haka har sau bakwai. Gurbin lambar fasfo duk fayau, don fasfunan ba su iso ba tukuna.

"Malam, zo ka ga yadda ake satar kujeru!" in ji Misbahu cikin murna.

Malam Mailafiya ya taso, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce, "Yallaɓai, a ƙauye wa ya san ranar da aka haife shi? Mai cike fom ne yake duban tsohuwa ya yanka mata shekara, kuma kowa ran ɗaya ga Janairu yake haifar sa. Fatsuma kuwa, in ka tsaya a kasuwar Kafin Hausa ka kira, rabin mata za su waiwayo. Ka duba littafina ko sau ɗaya."

"Malam, shi ya sa aka tura ni karatu. Mace ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya, rana ɗaya, sau bakwai? Ko 'yan biyu ba su kai nan ba."

"To, Allah ya sa haka ne," in ji tsohon, ya koma teburinsa.

Misbahu ya danna sau shida, ya share layi shida ya bar guda. Darakta ya ji labari ya zo da kansa, ya yi ta jinjina kai yana cewa injin ya kama ɓarayi tun bai yi wata biyu ba. Kujeru shidan nan kafin la'asar sun sami masu su daga cikin masu jiran tsammani, kuma ikon Allah, huɗu daga ciki 'yan garin Darakta ne. Aka juye jerin a faifai, aka buga masa hatimi, aka aika Kano. Misbahu ya rubuta rahoto shafi tara, ya sa sunan kwas ɗinsa cikakke a kowane shafi.

Ranar tashin sahun ƙarshe aka tara maniyyata a fili a Dutse, inda motoci za su kwashe su zuwa Kano. Zafin bazara ya fara tun da safe. Tsofaffi sun zazzauna a kan jakunkunansu iri ɗaya, 'yan rakiya sun fi matafiya yawa. Misbahu ya hau kan benci da lasifika a hannu da takardar da firinta ta fitar, fara tas, babu jan biro ko ɗigo. Yana kira, ana amsawa, ana shiga mota. Ya hango Tasi'u can gefe a cikin mutanen Kafin Hausa, ya ɗaga masa hannu irin na manya.

"Fatsuma Idirisu, Kafin Hausa!"

Tsohuwa ta miƙe. Wata ta miƙe a bayanta. Wata ta dafa sanda ta tashi. Misbahu yana ƙirgawa a zuci, murmushin Zariya yana bushewa a fuskarsa. Ta biyar ce Tasi'u ya kama wa hannu ya tayar. Su bakwai suka tsaya a rana, kowacce da fasfonta a hannu, babu wadda ta yi kama da wata.

Nan Misbahu ya fara sanin sunan mahaifiyarsa, a lasifika, daga bakinsa.

Ya sauko daga benci bai san ya sauko ba. Malam Mailafiya, wanda babu wanda ya ce ya zo da littafinsa amma ya zo da shi, ya buɗe shafin Kafin Hausa ya miƙa masa. Layi bakwai, kowanne da jan biro a gefe. Mai sayar da daddawa. Matar limamin Juma'a ta fari. Kurma ce, a yi mata magana da ƙarfi. A layi na biyar an rubuta: "Ana ce mata Iyatu. Ido ɗaya ya tafi, a zaunar da ita gaba."

Aka ruga ofis aka buga waya Kano. Aka ce jeri ya rufe tun makon jiya, jirgin nan shi ne na ƙarshe, kuma ai ku kuka aiko da faifan da hatiminku. Mutum shidan da aka ba kujerun sun tashi tun sahun farko, wataƙila ma a lokacin suna Madina suna yi wa Darakta addu'a. Shi kuwa Darakta ya ja Misbahu gefe ya ce, "Kujera ɗaya ce, kuma sunan ya dace da kowacce. Ka sa mahaifiyarka kawai, sauran a ba su haƙuri." Yana gama faɗa ya tuna yana da taro a wani wuri.

Misbahu ya dawo gaban matan. Ya buɗe baki, abin da aka koya masa ne kaɗai ya fito. "Muna ba da haƙuri bisa wannan tsaiko."

"Me ya ce?" in ji kurmar.

Wani ya sunkuya ya faɗa mata da ƙarfi cewa injin ya ce su bakwai ɗin mutum ɗaya ne. Ta dubi ta kusa da ita sama da ƙasa, ta ce, "Ni da wannan?" Babu wanda ya yi dariya. Mai daddawa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Ya durƙusa a gaban Iyatu, gwiwa biyu a cikin ƙasa, da wandonsa na ofis. Tsoro da kunya sun cika shi, bai taɓa jin ya tsani kansa irin na ranar ba. Ya ce da Tasi'u, murya ƙasa-ƙasa, "Ka ce mata ta shiga mota. Kujerar tata ce, ni zan sa hannu."

Iyatu ba ta dube shi ba. Ta juya idon nan nata guda wajen ƙanin.

"Ka tambaye shi, in na shiga, me zan ce wa waɗannan? Tare muka yi bita, tare muka daka guzuri. A ce ɗana ya share mutum shida ya bar uwarsa? Da wannan zan je gaban Ɗakin Allah?"

"Iyatu, idonki," in ji Tasi'u. "Likita fa ya ce..."

"Na ji abin da ya ce."

Ta miƙa hannu ta lalubo tsohuwar nan mai sanda, wadda ta fi su duka tanƙwarewa. "Ga wadda za ta tafi. Injinsa ya ce rana ɗaya aka haife mu da ita. Ka gaya masa ita ta goya ni ranar sunana."

Babu wadda ta yi musu a cikin sauran. Aka kama tsohuwar aka sa ta a mota tana kuka tana sa albarka, ba a san ko wa take sa wa ba. Motoci suka tashi. Fili ya rage daga 'yan rakiya sai mata shida da jakunkuna shida, da manajan sufurin sama a durƙushe.

Iyatu ta sa Tasi'u ya kai ta gaban Malam Mailafiya. Ta ce, "Malam, kai ne mai littafin?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ban zama ba tukuna. Ka rubuta ni a na baɗi, da hannunka. A gefe ka sa uwar mai injin, don kada a sake haɗa ni da wata."

Malam Mailafiya ya dubi Misbahu. Misbahu ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ciro jan biro ya rubuta.

Baɗi ta zo, Iyatu ta tafi a sahun farko, a kujerar gaba. Misbahu ne ya biya wa Tasi'u ya raka ta, don a lokacin sai an ja ta. Da suka dawo ya je rugar yi mata barka, ya zauna a bakin tabarma, mata sun cika ɗaki suna tambayar ta yadda Ka'aba take. Ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin ƙanin.

"Tasi'u, gaya musu," ta ce. "Kai ka gani."