Koren Gashi a Kunnen Dogara

Dogara ya shiga ɗakin likita dafe da kunnen hagu, Hajiya Lauratu na biye da shi tana sababi. Ta daɗe tana saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu ta Sinawa har ta iya Sinanci, duk ɗan Kanon da ta kwaɓe wa ita yake nema.

Kunnen ya yi suntum, har ruwa yake yi. Gobe jirginsa zai tashi, ga matarsa Hasiya haihuwa yau ko gobe. Ɗan fari ne, kuma ya ci burin shi zai yi masa kiran salla a kunne da bakinsa.

Likitar ta haska fitila, ta zura hantsaki, ta zaro wani abu kore shar.

"Wai mene ne wannan, take tambaya," in ji Hajiya.

Dogara ya sunkuyar da kai. A gida Hasiya ce ke gyara gashin kaza ta sosa masa kunne bayan la'asar, yana lumshe ido. A nan kewa ta ishe shi, sai ya tsinko rinannen gashi daga abin kaɗe ƙurar masaukinsa, ya yi ta sosa har ya karye a ciki.

Da ya faɗa, Hajiya ta ce, "Kai Dogara! Gemai-gemai da kai?"

Likitar ta wanke kunnen, ta ba da na ɗigawa da ƙwayoyi. Datti ya haifar da ciwo har can ciki, ta ce, in ya hau sama a haka dodon kunnen na iya fashewa.

"Jirgi meyo, ƙanena, ba tafiya gobe," Hajiya ta faɗa a hankali. Sai ga ƙato yana share hawaye, ya ba ta tausayi.

Ran Laraba suna tsakiyar ciniki waya ta yi ƙara. An sauka lafiya, mace.

"Malam Shitu na gidan gaba zai zo ya yi mata kiran salla," in ji Hasiya, muryarta a gajiye.

"A'a," in ji Dogara. "Kara mata wayar a kunnen dama."

Hajiya ta ɗaga wa mai shago hannu. "Laoban, maigida, shiru!" Mutumin ya kashe rediyo.

Dogara ya tsaya tsakanin kwalayen takalma, kunne cushe da auduga, ya yi kiran salla. Da ya idar ya manna wayar a kunnen mai lafiya. Daga can Kano, yarinyar ta tsanyara kuka.