Hoton Auta a Wayata

…to amma ni ga ta nan a wayata. Shafin kamfaninsu, layi na biyu, 'yata Auta da ɗankwalin da na ce bai shiga da rigar ba. Ƙanwata kuwa ta buɗe a tata jiya, ta duba sama ta duba ƙasa, babu. Wani mai gemu ne a gurbin. "Yaya, ko an sauya mata wuri?" Wane wuri?

Ruwan ya tafasa. Bari in rage wuta.

Ashe waya ma tana ajiya. Autar ce ta gaya mini, a kan kujerar nan, ƙafarta a cinyata, ƙatuwa da ita. Wai in ka buɗe shafi sai wayar ta adana, gobe ba sai ta yi doguwar tafiya ba, ta miƙo maka na jiya. Na ce ashe raguwa ce irin babanki. Dariya har da tari. Wai aikinsu ke nan, su da mutanen ƙasashe daban-daban, gardama: yaushe abin da aka ajiye ya tsufa? Wa zai gaya wa wayar? A kwashe watanni ana ja-in-ja kan jimla ɗaya, don wayar kowa ta bi doka guda. Ni in miya ta kwana shinshinawa nake. Waya da me take shinshinawa? Ban tambaya ba… kuma wallahi ina so in sani.

Kullum da safe nake buɗewa in gan ta. Ke nan tun yaushe nake gaisawa da tsohon abu?

Kwanan nan da rana tsaka take kira. Mai aiki yana kira da rana tsaka? "Lafiya lau, Mama." Murya sama-sama. Ba hayaniyar ofis a bayanta, sai ƙarar fanka. Sallamarta aka yi? Rage ma'aikata? Ko ita ta —

Ran nan a kujera ta ce in kina son na yau, ja fuskar wayar ƙasa da yatsa ki saki, sai ta je ta tambayo: ya canza ko yana nan?

Ja kawai. In na ja, wannan hoton fa? Ba ya dawowa, ko?

Hannuna a jiƙe. Na goge a zani, na ƙara gogewa. Yatsana daidai goshinta. Wato waya ce za ta riga 'yata gaya mini? Hasken ya dushe, na taɓa, ya dawo… ya sake dushewa…