Hajiyar Jidda

A shekarar da ta wuce Shifa ta yi tafiya fiye da kowa a gidansu, in ka cire kakanta da ya zo Accra daga Dosso da ƙafa. Mai ɗaukar hoto ce, kuma ba ta aiki a ƙarƙashin kowa. Yau biki a Nima, gobe suna a Alajo, da haka take ci. Amma a shekarar sai ƙofofi suka fara buɗewa. Aka kira ta Lome ta ɗauki masu nuna tufafi, ta je Wagadugu ƙarin horo, wata mujalla ta buga hotunanta na mata masu sayar da wake da shinkafa a bakin titin Maamobi. Duk wannan bai sa kowa a unguwa ya ɗauka tana da aiki ba. Kaka Awabu, wadda ta rene ta, takan ce an kai yarinya Legon ta yi digiri, ta dawo tana tsugunne a gaban makaɗa.

Tafiyar ƙarshe ita ce ta Jidda. Wani kamfanin ɗinkin abaya ne ya ɗauke ta aikin hotunan talla, aikin kuma ya faɗo daidai lokacin hajji. Takardar da ta shiga da ita ba ta kai mutum Makka, don haka iyakarta ɗakin hoto da masauki. Abin da ta gani na ƙasa mai tsarki shi ne allon da ke nuna hanyar Makka, shi ma ta tagar mota.

Ranar da ta dawo, jirginta ya sauka tare da na alhazai. Ta fito cikin farar abayar da kamfanin ya ba ta kyauta, tana tura akwati a tsakiyar tsofaffi masu jarkokin zamzam. Braimah, direban tasi maƙwabcinsu, ya zo ɗaukar wani fasinja, sai ya hango ta. Bai tambaye ta komai ba, waya kawai ya ɗaga. Kafin Shifa ta wuce shataletalen Circle, labari ya riga ta gida.

Ta tarar da lungunsu cike da mata. Kaka Awabu, wadda gwiwa ta hana ta zuwa ko kasuwa, tana tsaye a ƙofar gida ba sanda.

"Hajiya! Hajiya Shifa!" Kaka ta rungume ta tana kuka. "Munafuka, kika ɓoye mini? Kika ce aikin hoto za ki?"

"Kaka, ai aikin hoton..."

"Yi shiru. Na san halinki, ba kya son a yi surutu. Ku ba ta hanya ta zauna!"

Shifa irin mutanen nan ce da ko canjin da ba nasu ba aka miƙo musu a trotro, motar hayar cikin gari, sai sun yi shawara da zuciyarsu kafin su buɗe baki. Shi ya sa ma ta zaɓi kyamara, don a bayanta ba mai tambayarka komai. Ta ce a ranta in mutane suka watse za ta gaya wa Kaka. Mutane kuwa ba su watse ba. Wanda ya dawo daga hajji addu'arsa karɓaɓɓiya ce a kwanakin farko, kowa ya san haka, don haka masu ciwon baya da masu neman biza da iyayen 'yan jarrabawa suka yi ta sallama. Tana ɗaga hannu tana yi musu addu'a da zuciya ɗaya, don ai ba a hana kowa roƙon Allah ba. Dabinon da ta sayo a filin jirgi Kaka ta rarraba shi ɗaiɗai kamar magani.

Wuri ɗaya ne ta san ta sa hannu a cikin lamarin. Wata ƙawar Kaka ta tambaye ta, "Kin kai ziyara Madina kuwa?" Shifa, wadda ta sha rana a tashar trotro ta Madina, wata unguwa a nan Accra, fiye da yadda za ta iya tunawa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sha zuwa." Matar ta dafe ƙirji. Daga ranar aka ƙara da cewa ba wannan ne zuwanta na farko ba.

Sai aiki ya fara tsayawa. Zuhura, ƙawarta tun makarantar allo, wadda ta yi mata alkawarin hotunan bikin ƙanwarta, ta zo har ɗaki tana murza zobe.

"Cale, ƙawata, kar ki ji haushi, Mma ta ce a nemi wani."

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Amma yaya za a yi Hajiya ta hau kan kujera tana ɗaukar mutane suna girgiza? Kowa zai ji kunya, rawar ma ba za ta yi daɗi ba."

"Zuhura, ban je hajji ba fa. Jidda kawai na je."

Zuhura ta kalle ta, ta fashe da dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsaya cak. "Kin gaya wa Kaka?"

"A'a."

"To ki yi sauri. Jiya na ga an ɗaure rago a bayan gidanku. Walima za ta yi miki ranar Lahadi, har Malam Zulkarnaini ta gayyato."

Shifa ta shiga ɗakin Kaka da niyyar magana. Ta same ta a kan darduma tana gwada sabon mayafi. Tsohuwar ta ce duk tsawon zamansu a Maamobi ba a taɓa kiran kowa Alhaji ko Hajiya a gidan nan ba. Mijinta ya rasu yana buri, ita kuma gwiwa ta riga ta yanke mata hukunci. "Matan nan da ke gaishe ni daga nesa, yanzu har ɗaki suke shigowa," in ji ta. "Ashe kyamarar nan taki ba ta banza ba ce." Wannan ne karo na farko da Kaka ta yabi sana'arta. Shifa ta gyara mata bakin mayafin ta fito.

Ranar Lahadi aka kafa rumfa aka toshe lungu da kujerun roba. Shifa ta zauna a gaba, inda ba ta taɓa zama a wani taro ba, hannunta na neman kyamarar da aka hana ta ɗauka. Ta yanke shawara tun da safe: gara Kaka ta ji kunya yau da ta ji daga bakin ainihin alhazan unguwa, waɗanda suka fara cewa ba su gan ta a Mina ba. Da Malam Zulkarnaini ya gama wa'azi ya ce Hajiya ta yi wa jama'a kalma biyu, ta miƙe ta karɓi lasifika.

"Jama'a, ku yafe ni," ta ce. Lasifikar ta yi ƙara, kowa ya yi tsit. "Ni ban yi aikin hajji ba. Ban cancanci sunan nan ba. Aikina kawai na je na yi, na dawo."

Ta kalli Kaka. Bakin tsohuwar ya ɗan buɗe, hannunta ya tsaya a kan carbi.

Malam ya karɓi lasifikar a hankali, yana girgiza kai.

"Allahu Akbar. Kun ji ko? Kun ji abin da ilimi ke yi? Wa ya isa ya ce ya yi hajji, alhali bai san ko an karɓa ba? Wasu sun dawo da haƙorin zinariya suna ta buɗe mana baki, yarinya ƙarama ta ce ita aikinta kawai ta je ta yi. Wannan shi ne tawali'u!"

Kabbara ta tashi. Wani Alhaji a layi na biyu ya rufe bakinsa da hannu. Kaka Awabu ta share hawaye tana cewa, "Haka take tun tana ƙarama." Shifa ta sake miƙa hannu ga lasifikar, amma an riga an fara rabon nama.

Ana cikin ci wani mutum mai ƙamshin turare ya ja kujera kusa da ita. Ya ce sunansa Alhaji Tijani, yana da ofishin kai mahajjata a Nima, kuma ya daɗe yana neman mai hoto da za ta bi ayarin mata baɗi.

"Kujera da masauki duk a kanmu," ya ce. "Na ga masu hoto da yawa, amma ni wadda ta san wurin nake so. Tsofaffin nan ɓacewa suke yi. Ke za ki riƙa nuna musu hanya, daga masauki zuwa Harami, daga Mina zuwa Arfa. Kin ga ba sai mun ɗauki jagora ba."

Shifa ta buɗe baki. Kaka, wadda kunnenta ba ya jin kiran abinci amma ya ji wannan, ta leƙo daga bayan kujera.

"Za ta je, Alhaji. Ai ta saba."

A ƙarshen shekara Shifa ta rubuta a shafinta na sada zumunta cewa bayan tafiye-tafiye da dogon nazari, ta bar hotunan biki ta koma na ibada. Mutane suka yi ta yaba mata da hangen nesa. Ta kife wayar, ta jawo taswirar Makka da ta sa aka buga mata a Circle, ta ci gaba da haddace sunayen ƙofofin Harami.