Bakin Gyale a Cikin Ƙarfe

"Daga yanzu hannunki na dama ba naki ba ne, na ƙanwarki ne," in ji Malam, mai koyar da hawan dutsen. "Ko zuma ce ta sauka a hancinki, ki bar ta ta yi abin da ya kawo ta. Kada ki saki igiyar nan."

Na ce to. Hutun kwana biyar kacal na samu daga kantin maganin da nake aiki, kuma da son raina ne a kan katifar masauki zan ƙarar da su. Auta ce ta ga hoton dutsen a teburin karɓar baƙi, ta yi ta "Yaya, don Allah" har na gaji na biyo ta. Baba ma ya ce ba za a bar shi a ɗaki da talabijin ba, ya ɗauko sandarsa ya shiga mota.

A baki abin ba wuya. Igiya ta tashi daga ɗamarar da ke ƙugun Auta, ta haura saman dutsen ta ratsa wani zobe, ta sauko ta shiga wani ɗan ƙarfe mai rami da ke maƙale a tawa ɗamarar. Tana hawa, ina janye rarar. In ta faɗo, ƙarfen zai cije igiyar, muddin hannuna yana riƙe da ita ta ƙasa. Sau uku muka gwada a ƙaramin dutse da safe, Malam yana tsaye a kafaɗata.

Auta ta kama babban dutsen kamar ƙadangaruwa.

"Yaya, daga nan kin koma kamar kwalbar maganin tari!"

"Ki kalli gabanki, marar kunya."

Baba ya yi dariya daga kan bencin da ya zauna. "Uwata, ki kula mini da ita." Haka yake kirana tun ina ƙarama.

A igiyar da ke gefenmu wani mutum mai tumbi ya kai tsakiyar dutse ya ƙame. Ya ƙi gaba ya ƙi baya, ya manna kumatu a dutse yana salati. Abokinsa da ke riƙe masa igiya ya yi lallashi har ya koma zagi. Malam ya ɗaura tasa igiyar zai hau wurinsa, ya juyo gare ni.

"In ta kai zoben, ta zauna a kan igiyar ta jira. Kada ki sauke ta sai na dawo. Minti biyar."

Bai daɗe da yin nisa ba Auta ta kai sama. Can wurin dutsen yana da leɓe da ya turo waje. Ta taɓa zoben, ta yi ihun murna, sai ta kalli ƙasa. Na ga ƙafarta ta zame. Igiyar ta fizge ni har na yi taku biyu gaba, amma ƙarfen ya cije. Auta ta rabu da dutsen, tana lilo a iska tana juyawa, hannunta ba ya kai ko'ina.

"Yaya! Yaya, ki sauke ni!"

"Ki tsaya, Malam yana zuwa."

"Kaina yana juyawa! Wayyo Yaya, don Allah!"

Sai ta fashe da kuka. Shekararta huɗu mahaifiyarmu ta rasu, a bayana ta ƙarasa girma. Yanzu ta gama jami'a, amma kukan bai canza ba, ni ma ban canza ba. Ban taɓa iya jinsa na minti ɗaya ban yi wani abu ba. Na dubi Malam, yana can sama ya ba mu baya. Na ce a raina ai sau uku na yi da safe.

Na fara sakin igiyar a hankali. Auta ta sauko kamu ɗaya, biyu, uku. Na sunkuya don in ga yadda igiyar ke shiga ƙarfen.

Da safe na naɗe gyalena sau biyu a wuya, na ƙulle shi ta baya, na tura bakinsa cikin riga. Ban san lokacin da ya zaro ba. Sai dai na ga igiyar ta lashe shi, ta ja shi cikin ramin ƙarfen kamar keken ɗinki ya ci yadi. Kafin in ja numfashi fuskata ta sauko dab da cibiyata, gyalen ya shaƙe ni, igiyar ta tsaya cak.

"Yaya, me ya faru? Me ya sa kika tsaya?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai tari. Ba na ganin sama, ba na ganin gefe, sai takalmana da tsakuwa. Na kai hannun hagu na ja gyalen. Nauyin Auta duka yana kansa.

Na ji sandar Baba ta faɗi, na ji takunsa.

"Innalillahi. Uwata! Jama'a, ku zo!"

"Kada ta saki!" Muryar Malam ce daga can sama. "Baba, gyalen kaɗai ya toshe ƙarfen. In ya yage igiyar za ta zube gaba ɗaya. Hannunta ya zauna inda yake!"

"To ka sauko mana!"

"Mutumin nan ya riƙe mini ƙafa. Ina zuwa!"

Direban da ya kawo mu ya iso da gudu, na ga inuwarsa, na ji ƙarar buɗe wuƙa. "Bari in yanke tsinannen gyalen."

"Kai direba! Mayar da wuƙar nan aljihu! Igiyar a miƙe take, ko shafarta ka yi ta tsinke."

"To me zan yi?"

"Ka matsa!"

Ya matsa. Abokin mai tumbi yana kallona, shi ma hannunsa biyu a kan tasa igiyar, ba halin ya motsa. Mutum shida a gindin dutse da samansa, ba wanda zai iya taɓa ni sai tsoho mai shekara saba'in da uku wanda ko kofin shayi ba ya iya kaiwa baki bai zubar ba.

Na ji yatsunsa a bayan wuyana, suna rawa a kan ƙullin. Su kama, su kuɓuce. Su kama, su kuɓuce.

"Wane irin ƙulli kika yi haka, Uwata?"

Gefen idona ya fara duhu. Abin da nake tunani ɗaya ne: in na suma, yatsuna za su buɗe da kansu, ba sai sun tambaye ni ba. Na danna igiyar a cinyata, na ɗora hannun hagu a kan na dama. Can sama Auta ta daina kuka, kuma shirun ya fi kukan tsorata ni.

Sai na ji gemun Baba a wuyana. Da haƙori ya kama ƙullin. Yana ja, yana nishi, yawunsa yana bin bayana. Ƙullin ya saki. Ya warware naɗin farko, ya warware na biyu, iska ta shiga ƙirjina da zafi kamar na haɗiye barkono.

Na ɗago. Auta tana can, tsayin bene uku, ta rungume igiyar da hannu biyu, idonta a rufe.

"Auta," na ce, muryata a dushe. "Ina nan."

"Ki sauke ni."

"Ba zan iya ba."

Ban taɓa ce mata haka ba. Gyalen yana nan cushe a ƙarfen, ina jin zarensa yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da ta motsa.

"Kada ki motsa. Ki yi mini magana kawai."

"Ƙafafuna sun mutu, Yaya."

"Na sani."

"Fitsari nake ji."

"Ki yi abinki, ba mai gani."

"Direba yana gani."

"Na juya baya, ƙanwata," in ji direban, kuma da gaske ya juya.

Minti biyar ɗin Malam sun zama ashirin. Sai da ya ɓamɓare mai tumbi daga ƙafarsa, ya sauko da shi, sannan ya iso gare ni yana haki. Bai yi faɗa ba, ko kallon fuskata bai yi ba. Ya naɗa wata siririyar igiya a kan babbar, ya maƙala a tasa ɗamarar, ya zauna da nauyinsa. Ƙarfena ya yi sako-sako. Ya zaro gyalen, baƙi ƙirin, saura kaɗan ya rabu biyu. Ya mayar da igiyar cikin nasa ƙarfen, ya sauko da Auta a hankali har ƙafafunta suka taɓa ƙasa suka lanƙwashe.

Ta rarrafo ta kama ƙafata. Na zube a gefenta. Baba yana zaune a kan tsakuwa, yana tofar da zare, leɓensa da jini.

Auta ta ga shatin da ke wuyana. Ta kai yatsa, ta fasa taɓawa.

"Me ya sa ba ki jira shi ba?"

"Kuka kike yi."

"Ai kullum ina kuka, Yaya."

Malam yana naɗe igiya, ya tambaya ko akwai mai ruwa. Direba ya tafi mota ya ɗauko. Da ya miƙo mini gorar, hannuna ya kasa riƙe ta, sai Auta ce ta kafa mini a baki.