Hoton Auren Iliyasu

Ni ban yi boko mai nisa ba, fata na sani. Shekara ashirin da biyu ina sayenta a abbatuwar Agege, a zuba mata gishiri, a loda a mota. Iliyasu ne ke riƙe min wajen gishirin. Sa'ana ne, tare muka sauka Ikko, wato Legas.

Bara na kama shi ya dumbuzi gishirin fata, mai tsakuwar nan, yana watsawa a baki kamar gyaɗa. Ga rama, ga kasala, in ya ɗago daga sujada sai ya dafa bango. Ban tsaya bincike ba.

"Ƙwaya kake sha, Iliya. Da furfurarka!"

"Oga, wallahi jikina ne ke nema."

"To ya je ya nema a gida." Na sallame shi daga aiki.

Washegari matarsa Mariamu, mai ƙosai a bakin titin jirgi, ta same ni a rumfa. Gaisuwarta gajera ce.

"Alhaji, ka riga ni saninsa. Launinsa ke nan?"

"Rana ce," na ce. "Wa Legas ta bari da hasken fata?"

"Rana tana shiga cikin baki? Dasashinsa ya yi baƙi. Layukan tafin hannunsa kamar an bi da gawayi."

Na ce ni ba likita ba ne. Ashe ta riga ta kai shi wuri biyu, can a ce taifot, nan a ce maleriya, a ɗaura ruwa a sallame su.

Bayan mako guda ta kira ni da hantsi: amai yake yi, ya kasa tsayuwa, in zo da mota. A bayan motar fata muka kwantar da shi zuwa babban asibiti.

Likitan saurayi ne Bayarabe, ga layi har waje. Ya auna, ya ce ƙarfin jini ya yi ƙasa sosai, wataƙila taifot ɗin ce ba ta sake shi ba. Mariamu haihuwar Agege ce, ta juya harshe zuwa Yarabanci, ta ce mutumin nan baƙi yake ƙarawa. Likita ya dube shi ya ɗaga kafaɗa. Baƙin mutum, wa zai ce ya ƙara?

Sai ta zaro abu daga cikin hijabinta. Hoton aurensu ne, da gilashinsa da komai, daga bango ta ciro shi. Ta kara shi a gefen fuskar Iliyasu, ta buɗe masa baki da yatsa, ta shimfiɗa tafin hannunsa. Sannan ta nuna ni.

"Tambayi wannan mutumin abin da ya gan shi yana ci."

Na faɗa, kaina a ƙasa.

Likita ya ajiye biro, ya fita da gudu ya kira babbarsu. Suka ɗebi jini, suka yi masa allura nan take, ba su jira sakamako ba. Babbar ta yi mana bayani: akwai wasu 'yan ƙulalai biyu a saman ƙoda, su ke fitar da sinadarin da ke riƙe gishiri da ƙarfin jini a jiki. Nasa sun daina aiki. Cutar Adison, in ji ta. Na san su sarai a jikin saniya, cikin kitse suke, da bakin wuƙa mahauta ke fincike su a yar.

"Magani zai sha har ƙarshen rayuwarsa," ta ce. "Da kun ƙara kwana biyu, ba mu za ku nema ba. Madam, a ina kika yi karatu?"

"A gaban kasko," in ji Mariamu.

Dab da la'asar Iliyasu ya buɗe ido, ya ce yunwa yake ji. Sai a lokacin na ga matar nan ta zauna, a ƙasa, bayanta jingine da ƙafar gado.

"Alhaji," ta ce, "amala yake so. Ka ce su sa nama da yawa."

Na tashi na tafi.