Faston da Ke Cikin Wa'azin Auta

A makarantar horon fastoci ta Baftis, duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe sai ya hau bagadi a sujadar safe, ya yi wa'azi a gaban makaranta gaba ɗaya. Malamai uku ne ke zama a bencin gaba, kowa da biro a hannu. Ɗalibai suna kiran ranar da sunan ranar yanka, kuma wanda layi ya zo kansa ba ya iya karyawa da safe.

Layi ya zo kan Auta a tsakiyar zango. Shi ne ƙarami a gidansu, sunan kuma ya biyo shi har makaranta, ko da yake ya fi kowa tsawo a ajin. Mahaifinsa fasto ne a wata ƙaramar ikilisiya mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana sakandare. Yayarsa ce, wadda ta yi aure kusa da gida, take duba tsohon.

Da Yaya ta kira shi a waya tana tambayar ranar, ya gaya mata, sannan ya ce, "Amma don Allah kada ki faɗa wa Baba. Gwiwarsa ba za ta ɗauki tafiyar nan ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai gwiwa ba ita ce dukan dalilin ba.

Malamin da ke koya musu wa'azi, wani gajeren mutum mai sanƙo da ba a taɓa jin ya yabi kowa ba, ya sha gaya musu, "Kada ku kawo mini labarin aro. Ku kawo abin da ya taɓa cin ku." Shi ne kuma ya ce wa Auta ya riƙa cire tabarau in zai hau. "Kana ta tura shi da yatsa kamar mai korar ƙuda. Mutane sun daina jin ka, sun koma kallon hancinka." Don haka Auta ya haddace wa'azinsa daga farko har ƙarshe. In ya cire tabarau, ba ya iya gane fuska bayan benci na huɗu ko na biyar.

Ranar ta zo. Majami'a ta cika, ɗalibai da matansu, malamai, har ma'aikatan kicin da ke tsayawa bakin ƙofa da rigar aiki. Fankoki suna juyawa, ɗaya tana ƙara kamar kullum. Aka yi waƙa biyu, aka yi addu'a, shugaban makaranta ya yi sanarwa a kan tankin ruwa da masu makara. Sai aka kira Auta. Ya hau, ya karanta nassi, ya naɗe tabarau ya sa a aljihu.

Ya yi magana a kan gidan fasto. Ya ce akwai tumakin da makiyayi yake mantawa da su don sun fi kowa kusa da shi. Muryarsa ta zauna. Da ya ga sun ba shi kunne, sai ya sassauta murya.

"Na san wani fasto," in ji shi. "Mutumin kirki. Ba ya sata, ba ya ƙarya. Matarsa tana kwance a asibiti, likita ya riga ya gaya masa abin ya yi nisa. Sai aka aiko masa cewa dattawan ikilisiya biyu sun yi faɗa a kan rufin majami'a, ɗaya ya ce zai fita da iyalinsa duka. Faston nan ya ɗauki jakarsa. Ya ce wa ɗansa, zauna da ita, yanzu zan dawo."

Fankar nan tana ta ƙararta.

"Matar ba ta yi barci ba. Duk wanda ya taɓa ƙofa, sai ta ɗaga kai. Mai shara ta shigo, ta ɗaga kai. Mai raba magani ta shigo, ta ɗaga kai."

A nan ne wani ya yi tari daga can baya, kusa da teburin na'urar sauti. Tari biyu gajeru, sannan gyaran murya mai tsawo. Auta ya girma da wannan tari. Da shi ake tashinsu addu'ar asuba.

Ya tsaya. Ya duba baya, bai ga komai ba sai launukan riguna da suka haɗe da juna. Tabarau yana aljihu, hannu kawai zai sa. Bai sa ba. Ya ce a ransa, tsofaffi nawa ne ke tari a duniya? A gabansa malamai uku sun ɗaga kai daga takardunsu, gajeren ma ya ajiye biro, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Sauran labarin kuma yana bakinsa a jere, kamar yadda ya haddace.

Ya ci gaba. Ya faɗi yadda matar ta riƙa kiran mijinta har muryarta ta ƙare, yadda ta cika fuskarta tana wajen ƙofa. Ya faɗi yadda faston ya dawo da yamma yana murna an shirya dattawan, ya tarar an ja zane an rufe ta. "An gyara rufin," in ji Auta. "Har yau ba ya yoyo."

Mata suna share hawaye da bakin gyale. Wani ɗalibi mai 'ya'ya huɗu ya kifa kai a kan benci. Da aka tashi waƙar rufewa, rabin majami'a ba su iya buɗe baki ba.

Bayan albarka, mai wa'azi yakan tsaya a ƙofa ya gaisa da masu fita. Auta ya sa tabarau ya tsaya. Aka yi ta matse masa hannu. Wani ɗan ajinsu ya raɗa masa, "Kai, wane mugun fasto ne wannan? Gaya mini in guje wa ikilisiyarsa." Auta ya yi yaƙe, idonsa yana kan ƙarshen layi.

Baba ne na ƙarshe. Yana tafe a hankali da sanda, sanye da baƙin kwat ɗinsa na Lahadi wanda tafiya ta yamutsa, da leda a hannu. Ya miƙa hannu kamar kowa.

"Sannu da aiki, Fasto," in ji shi.

"Baba, yaushe ka iso?"

"Ana waƙa ta biyu. Motar ta lalace mana a hanya, da tun jiya na zo. Yayarka ta ce in ba ka mamaki."

Malamin wa'azi ya matso, fuskarsa a sake. Auta ya ce, "Malam, mahaifina ne. Shi ma fasto ne."

Malam ya kama hannun tsohon da hannu biyu. "Baba, kun haifi mai wa'azi. Na daɗe ban ji irin..." Sai maganar ta tsaya masa. Ya dubi kwat ɗin, ya dubi Auta, ya sake duban tsohon. Ya saki hannun a hankali, ya ce, "Ku huta, Baba. Kun sha hanya."

Dole Auta ya shiga aji a yi masa gyara, haka tsarin yake. Ta taga yana hango Baba zaune a kan dakalin ɗakin karatu, ledar tana kan cinyarsa. Malamai biyu suka yi ta yabo. Gajeren ya jira sai da aka tashi. Ya tsayar da Auta a bakin ƙofa.

"Ka nemi izininsa?"

"A'a, Malam."

"Ni ma ban taɓa gaya muku ku nema ba," in ji shi, ya tattara takardunsa ya wuce.

Auta ya kai Baba ɗakinsa. Gado biyu ne da tebur ɗaya, abokin ɗakin ya ba su wuri. Baba ya zauna bakin gado, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya buɗe ledar. Takalmi ne baƙi sabo, da abincin da Yaya ta ƙunso.

"Gwada mu gani. Da ido na auna."

Auta ya gwada. Ya ɗan matse shi, ya ce daidai ne.

"Baba, ban san kana nan ba."

"Na sani."

"Da na ji tari..."

Baba ya ɗaga hannu. "Ba ka yi ƙarya ba. Rufin ma gaskiya ne, ba ya yoyo." Ya murza kan sandarsa. "Abu ɗaya nake so in tambaye ka. Ran nan da na dawo, kai da yayarka kun ce mini barci ya ɗauke ta tun ina fita. Kun ce ba ta farka ba."

"Yaya ce ta ce mu gaya maka haka."

"To, wanne ne?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Na yau."

"Ta kira ni?"

"Ta kira."

"Da wane suna?"

"Fasto. Yadda take kiranka in tana tsokanarka."

Baba ya gyaɗa kai sau da yawa. Bai yi kuka ba. Ya ciro hankici ya goge bakinsa, ya ninke, ya sake buɗewa.

"Duk shekarun nan, in abin ya taso mini, sai in ce ai ba ta sani ba. Da wannan nake samun barci." Ya dubi takalmin da ke ƙafar Auta. "Da ka same ni a gida ka gaya mini. Ko da zagi ne, da na ɗauka. Amma yau ni da masu dafa abinci muka ji tare."

Auta ya durƙusa a gabansa. Baba ya dafa kansa kaɗan, sannan ya ce ya tashi kada ya ɓata wando. Ya ƙi kwana. Ya ce akwai mara lafiya da ya bari, kuma gadon makaranta ba na tsofaffi ba ne. Auta ya raka shi tasha, ya samo masa kujerar gaba saboda ƙafar. Har motar ta cika ba su yi wata magana ba sai ta hanya da zafin rana.

Wanda ke kula da na'urar sauti yakan naɗi kowane wa'azi. Kafin mako ya zagayo, na Auta ya shiga wayoyin ɗalibai, daga nan ya fita makaranta. Ana tura wa juna ana cewa kowane fasto ya saurara. Bai ambaci suna ba, amma a ikilisiyar Baba ba a bukatar suna. Dattawan biyu suna nan da ransu, kowa kuma ya san shekarar da aka yi rufin.

Yaya ta kira shi, ko gaisuwa babu.

"Ka ji daɗi? An ba ka makin?"

"Yaya..."

"Kai kaɗai ka yi rashin uwa? Ni na wanke ta. Na rufe bakina shekara da shekaru don tsohon nan ya iya cin abinci, kai ka je ka buɗe a lasifika. Jiya ya hau bagadi, ya buɗe littafi, ya tsaya yana kallon mutane. Sai da wani dikin ya je ya kamo hannunsa."

Daga ranar, dikin ɗin, mai taimaka wa fasto a hidima, shi ne ke wa'azi. Baba yakan zauna a gefe, ya sa albarka a ƙarshe. Ba wanda ya ce ya sauka. Matan ikilisiya ma sun ƙara kawo masa abinci, suna gaishe shi da wata irin murya mai taushi da ya kasa jurewa. Kafin ƙarshen shekara ya gaya wa dattawa su nemi wani.

Makaranta ta zaɓi Auta ya yi wa'azi a taron yaye ɗalibai. Ya je ofishin shugaba ya ce a ba wani. Baba bai zo taron ba, Yaya ma ba ta zo ba.

Da ya koma gida, ya tarar ana kwashe kaya daga gidan fasto. Baba zai koma ɗakin baya a gidan Yaya. Akori-kura tana tsaye a ƙofa, an riga an loda kujeru da kwalayen littattafai. Matar sabon fasto tana falo tana auna tagogi da igiya, tana ta ba da haƙuri. Yaya ta amsa gaisuwarsa ba ta dube shi ba, ta ci gaba da naɗe kwanuka a tsumma.

Ya sami Baba a ɗakin kwana. An cire katifa, saura gadon ƙarfe. Tsohon ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ka iso? An ba ka ikilisiya?"

"An ba ni, Baba. Ƙarama ce, wata mai zuwa zan fara."

"Madalla."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun a tasha. Na gaya wa yayarka ma ta bar maganar." Ya jingine sandarsa a bango. "Kama can gefen."

Suka ɗaga gadon. Auta ya ɗauki yawancin nauyin, yana tafiya da baya. A bakin ƙofa gadon ya ƙi fita. Suka karkata shi, suka tsayar da shi a gefe, ƙafarsa ta kankare fentin bango. Baba ya ajiye nasa gefen yana haki.

"A ciki aka haɗa shi," in ji shi. "Na manta. Je ka tambayi direban ko yana da sifana."

Auta ya fita. Da ya dawo da sifanar, Baba yana zaune a kan ƙarfen gadon, hannuwansa a kan gwiwa. Auta ya tsuguna ya fara kwance noti na farko. Tsatsa ta kama shi, sai da ya sa ƙarfi.