Teburin Da Ya Haɗiye Munawwara

Fayil ɗin nan ya girmi shagona na buga takardu. Duk shekara in Islamiyyarmu ta Rogo Sabon Gari za ta yi walimar sauka, ba a buɗe sabuwar takarda. Ta bara ake ɗaukowa a filas, a goge sunaye a ɗora sababbi, wai tana da albarka. Albarkar ce ta taru har ta kai in ka taɓa teburin sunaye na sama, na ƙasa ya yi tsalle.

Bana ni aka kawo wa, ni da na koyi kwamfuta a bidiyon waya. Malam Mijinyawa, sakataren kwamitin walima, shi ya zo da ita, rataye da jakar laftof wadda babu laftof a ciki.

Shafi ɗaya ne. Sama manyan baƙi, ƙasa ɗaliban da suka sauke. Layin ƙarshe ƙanwata ce Munawwara, don ita ta gama a ƙarshe. Ta sha fama da karatun nan, Inna kuwa tuni ta aika wa dangi a Falgore kowa ya zo ya ga sunan 'yarta a takarda.

"Malama Na'ima, ƙara wa Alhaji Barau Dokta," in ji Malam Mijinyawa. "Da Garkuwan Matasa."

Na ƙara. Munawwara ta ɓace. Ba shafi na biyu ta koma ba, shigewa ta yi ƙarƙashin hoton masallacin da ke gindin takardar.

Na ja layin teburin, ya ƙi motsi. Na taɓa masallacin, kwamfuta ta sandare. Na kashe na kunna, sai ga sunan wani babban baƙo da ya daɗe da rasuwa ya fito, da jan layi a tsakiyarsa.

"Allah ya jiƙansa," in ji Malam. "Bairos ne wannan. Yi rifresh. Na yi kwas a kai a Kano."

Na yi rifresh. Marigayin bai tafi ba, Munawwara ba ta dawo ba.

"Malam, bari in buga daga farko a sabon fayil."

"Haba! Da wannan aka yi saukar farko."

"To a rage wa wani laƙabi. Sulle mai shagon taki yaushe ya zama Injiniya?"

"Yana gyara injin ban ruwa."

"Ni ma ina gyara firinta, ba a ce min komai ba."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba. Ya leƙo fuskar kwamfutar, ya gyara hula.

"Ai Munawwara yarinya ce. A faɗi sunanta a lasifika. Baƙi kam ba a wasa da su."

Na dube shi. Na dubi fanka. Allah ya taimake mu duka aka kira la'asar, ya fita.

Marigayin ya ƙi goguwa, sai na mai da rubutunsa fari. Yana nan, ba dai a ganinsa. Teburin baƙi kuwa na dinga rage masa girman rubutu, ina ragewa, har Munawwara ta rarrafo ta fito daga ƙarƙashin masallaci. Sannan na zuƙo shafin ya cika fuskar kwamfuta, ƙananan rubutun suka koma kamar manya.

Malam ya dawo ya karanta laƙabi ɗaya bayan ɗaya, ƙato-ƙato.

"Kin gani? Rifresh ɗin ne ya kama. Sa min Kwamared a nawa."

Na sa. Na buga, na ɗaure da roba, ya zuba a jakar laftof bai duba ba.

Ranar walima na hango Alhaji Barau ya kai takardar nesa, ya dawo da ita bakin hanci, ya ari tabarau. Ban san ko ya gano Doktan ba. Inna dai ba ta iya boko ba, amma an nuna mata layin, ta ɗora yatsa a kai tana zagaya mutanen Falgore.

Filas ɗin na mayar wa kwamiti yadda yake, da marigayin a ciki. Wadda za a kai wa baɗi, Allah ya ba ta haƙuri.